Ranar da Na Kashe Baturiya a Falgore

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe matar mutane da bakina ba, a gaban mijinta, a wata ruga da ke gefen dajin Falgore, alhali baiwar Allah tana can Jamus zaune a ɗakinta tana shan shayi. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini ina tsakar wanke-wanke, sai in ajiye kwanon in rufe fuska, ni kaɗai.

Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a ɓangaren Falgore. Gidanmu yana Tudun Wada, don haka kullum ina hanya, a ƙananan motocin nan da ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Sai magana ta bazu tsakanin ma'aikatan lafiya cewa Jamus na neman masu jinya, abin da ake buƙata kawai mutum ya iya yarensu. Ni da ƙawata Rabi, wadda ungozoma ce, muka ce ai mun tafi mun gama. (Ban taɓa wuce Kaduna ba a lokacin, amma har na fara tunanin kalar rigar sanyin da za ta dace da ni.)

Malamin da Allah ya haɗa mu da shi ba malamin makaranta ba ne. Malam Isiyaku sunansa, dattijo mai sayar da kayan injin ban-ruwa a kasuwar Tudun Wada. A samartakarsa an tura shi Jamus koyon gyaran injina, ya dawo ya yi aiki a wajen madatsar Tiga har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ya dawo bai sami wanda zai yi Jamusanci da shi ba, sai dai ya zagi injin da ya ƙi tashi. Da muka je muka durƙusa muka faɗi abin da ya kawo mu, sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "'Ya'yan nan, da gaske kuke ko tsokanar tsoho kuka zo yi?"

Ranar Asabar bayan la'asar muke karatu, a tsakar gidansa, ƙarƙashin mangwaro. Allonsa ɗan ƙarami ne, yana jingina shi da bakin rijiya. Matarsa takan kawo mana kunun aya a jug, ta zauna gefe tana tsinkar zogale tana mana dariya, wai muna magana kamar masu kaki. Kaji na ratsa mu. Wani lokacin mangwaro ya faɗo tsakiyar darasi, Malam ya ɗauka ya ce sai wadda ta faɗi jimla daidai za ta sha. Ban san ko na taɓa jin daɗin karatu kamar na wannan tsakar gida ba.

Aikatau ne ya fi ba mu wuya, wato kalmomin aiki irin su ci da sha da tafiya. Malam ya ce, "Ku duba, mu Hausawa ba ma wahalar da aikatau. Na ci, ina ci, zan ci. Abin da ke gabansa muke canzawa, shi ci yana nan a cinsa. Bajamushe kuwa aikatau ɗin yake kamawa ya murɗe." Ya rubuta essen, ya rubuta isst, ya rubuta gegessen, ya ce duk ci ne. Rabi ta ce, "Malam, to su yaushe suke samun lokacin cin abincin?"

Da muka zo kan abin da ya riga ya wuce, sai ya ce nan ma hanya biyu ce. Yawancin ayyuka da haben suke tafiya: ich habe gegessen, na ci. Amma duk aikin da ya shafi tashi daga wani wuri zuwa wani, da sein yake tafiya: ich bin gegangen, na tafi. Rabi, da ba ta rasa tambaya, ta ce to mutuwa fa, tunda a asibiti za mu yi aiki? Malam ya ce, "Ist gestorben. Da na tafiya suka haɗa ta." Matarsa ta ɗago daga zogalenta ta ce ashe su ma sun san gaskiya.

Sannan ga halinsu na ɓoye aikatau a ƙarshen magana. Bajamushe sai ya kwashe ka ya zaga da kai jiya, da ƙaninsa, a mota, bayan kasuwa, kana ta binsa, sai numfashinsa ya kusa ƙarewa zai gaya maka abin da aka yi.

Duk da haka kaina ya ɗauka, kuma abin da ya cuce ni ke nan. Cikin wata biyar na fi Rabi, Malam na yabona, ni kuma na fara jin kaina. A asibiti in shiga ɗakin marasa lafiya in ce "Guten Morgen," tsofaffi su amsa da "Amin." A gida in tambayi maigidana "Hast du gegessen?" shi kuma ya ce, "In maganar tuwo ce, ban ci ba." Babu wanda ya tambaye ni, amma daga mai gadin asibiti har mai sayar da rake a bakin titi, kowa ya san Malama ta iya Jamusanci.

Asabar ɗaya tak na taɓa fashin karatu, saboda bikin 'yar yayata a Yako. Da na dawo na ari littafin Rabi. Na ga ta rubuta wäre da hätte. Na san war, na san hatte, duka na abin da ya wuce ne. Waɗannan kuwa su ne dai, an ɗora musu ɗigo biyu a ka. Na tambayi Rabi, ta ce ita ma ba ta gane sosai ba, wani abu ne dai mai kama da "da a ce." Na ce ado ne irin na Turawa. Asabar ta gaba Malam ya ce ko ya maimaita mini abin da na rasa? Na ce, "A'a Malam, na duba, na gane." (Ku riƙe wannan, a nan na haƙa ramin da hannuna.)

Cikin masu zuwa asibitinmu akwai wata tsohuwa Bafulatana, Goggo Dudu, mahaifiyar Ardo Sale. Hawan jini ke damunta. Duk bayan mako biyu Ardo kan ɗauko ta a babur in gwada ta in ba ta magani, ita kuma ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba, ko man shanu a kwalba ko kindirmo a 'yar ƙwarya. Jikata take ce mini. In wata ta ce za ta gwada ta, sai ta naɗe hannunta cikin zane ta ce za ta jira.

Wata Laraba Ardo ya zo shi kaɗai. Bayan mun gaisa ya ce baƙo za su yi ranar Juma'a. Wani Bature ne Bajamushe, likitan shanu da ya zauna kusa da rugarsu tun shi Ardo yana ƙaramin yaro, Dokta Dita suke ce masa. Matarsa Helga, amma su Halima suka sa mata. Ita da Goggo ƙawaye ne na ƙut da ƙut, damina ɗaya suka haihu, Goggo ce ke mata kitso, ita ce ta koya mata burga nono. Tun da suka koma ƙasarsu, kusan shekara arba'in, ba a sake haɗuwa ba. Ardo ya ce, "An ce kin iya yarensu, Malama."

Na ce, "Kaɗan-kaɗan dai, Ardo." Amma da irin muryar nan na faɗa, wadda ke nufin ko shugaban Jamus ne ya zo a kawo shi.

Ranar Juma'a na sa leshina na biki, na ɗaura ɗankwali har sau uku kafin ya zauna yadda nake so. Na isa rugar bayan an sauko daga masallaci. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata babbar ɗorawa, maza a gefe, mata a gefe, ga ƙoren fura da nono an jera an rufe da faifai. Goggo na zaune a kan 'yar kujera, ta yafa wani tsohon mayafi shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari. Ta kama bakinsa ta nuna mini ta ce, "Na Halima ne. Ranar da za su tafi ta yafa mini."

Mota ta iso. Wani dogon tsoho ya fito da sanda, gashinsa fari fat, fuskarsa ta yi ja saboda rana. Shi kaɗai ne sai direbansa, wani mutumin Kano mai natsuwa. Direban ya matso ya ce mini shi yana jin Turanci, Baturen ma yana ji, ko in bari ya taimaka? Na yi masa wani murmushi na ce, "Ba sai an bi ta Turanci ba, Malam. Kai dai huta, ka sha fura."

Da farko kuwa abin ya yi kyau, wannan dole in faɗa don kare kaina. Na gaishe shi, na tambayi lafiyarsa, na ce barka da zuwa. Tsohon ya buɗe baki yana kallona, ya ce a ina na koyi Jamusanci a wannan daji? Na ce a Tudun Wada. Na juya na fassara wa jama'a yabon da ya yi mini, har na ɗan ƙara gishiri. Ya tambayi rafin da suke kai shanu, na fassara. Ya tambayi tsohon Ardo, mijin Goggo, aka ce ya rasu da daɗewa, na ce masa, "Er ist gestorben." Ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Mata suka fara ƙus-ƙus suna kallona, na ji wata na cewa, "Kai, Malama kamar a can aka haife ta." Kaina ya ƙara girma, ɗankwalin ma ya fara matse ni.

Sai Goggo ta taɓo ni. "Jikata, tambaye shi, ina Halima? Me ya hana ta zuwa?"

Na tambaye shi. Tsohon ya ja dogon numfashi, ya dafa ƙirji, ya fara magana a hankali: "Meine Frau wäre letztes Jahr gestorben..."

Ya tsaya ya huta, kamar yadda tsofaffi kan yi. Ni kuwa na riga na tsinci abin da zan tsinta. Meine Frau, matata. Letztes Jahr, bara. Wäre, wato abin nan mai ɗigo biyu, ya wuce ke nan. Gestorben kuwa yanzun nan na yi amfani da shi aka yaba mini. Na gyara zama, na sassauta murya irin yadda muke yi a asibiti, na ce, "Goggo, sai haƙuri. Halima ta rasu tun bara."

Ina cikin faɗa shi kuma ya ci gaba, "...wenn die Ärzte sie nicht sofort operiert hätten." Na tsinci likitoci, na tsinci aiki. Na ƙara da cewa, "Har aiki aka yi mata. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kwana ya ƙare."

Goggo ba ta yi kururuwa ba. Salati ta yi a hankali, ta jawo mayafin nan ta rufe fuskarta da shi, kafaɗunta suka fara rawa. Matan da ke bayanta suka ɗauka. Kafin ka ce me, rugar ta kaure da kuka, har waɗanda ba a haife su ba lokacin da Halima ta tafi. Ardo ya miƙe ya je ya riƙe hannun Baturen da hannu biyu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Dokta." Maza suka bi layi, kowa ya ba shi hannu ya yi masa gaisuwa. Shi kuma yana ta murmushi yana gyaɗa kai yana "Danke, danke," wato na gode, a zatonsa wata sabuwar maraba ce. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba, na ce masa da Jamusanci na yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce ya gode, ai lokaci ne mai wuya.

Goggo ta ɗaga mayafi ta dube shi, ta dube ni. "Jikata, matarsa ta mutu yake dariya?"

Wallahi da na ce ban sani ba da ya fi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Al'adarsu ce, Goggo. Su in an yi musu rasuwa murmushi suke yi, alamar sun karɓi ƙaddara." (Har yau ban san daga ina na samo wannan ba. Malam bai taɓa koya mana ba.)

Ba a jima ba Goggo ta ce kanta na juyawa, ta sulale daga kan kujerar. Mata suka tare ta. Nan aikina na gaskiya ya dawo mini, na zaro abin gwaji daga jaka na ɗaura mata. Na ga jininta ya hau sosai. Na sa aka kwantar da ita a inuwa, aka kawo ruwa, na ba ta maganinta. Baturen ya daina murmushi. Ya tambaye ni me ya faru, na ce tana baƙin ciki ne saboda matarsa. Ya dube ni, ya dubi matan da ke kuka, ya juya ya kira direba ya tambaye shi da Turanci. Direban ya ajiye ludayin furarsa ya ba shi amsa.

Ban taɓa ganin tsoho ya miƙe da sauri haka ba, ko sandar bai ɗauka ba. "Nein! Nein! Sie lebt!" Sai kuma Hausar da ya binne shekara arba'in ta taso masa, ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Halima tana nan! Ba mutu ba! Lafiya lau, lafiya lau!"

Kukan ya tsaya cak. Har kukan maruƙa na ji daga nesa.

Suka yi magana da direban, sannan direban ya juyo, bai ko kalli inda nake ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Abin da ya ce shi ne, da ba don likitoci sun yi mata aiki da wuri ba, da ta rasu bara. Amma an yi, ta warke. Doguwar tafiya ce kawai likita ya hana ta."

Duk idon da ke rugar ya dawo kaina. Na ji leshin ya yi mini nauyi, zufa na bin bayana. Na yi zaton iyakar kunyar ke nan, ashe da saura.

Goggo, daga kwancen da take, ta girgiza kai. Ta ce, "Ku bar rarrashina, ni ba yarinya ba ce. Don kun ga na faɗi ne kuke so ku ɓoye mini. Jikata ta faɗa, ita ta san yarensu. Wannan," ta nuna direban, "mota ya iya."

Ardo ya yi magana, ta ƙi. Baturen ya durƙusa gabanta yana "Tana nan, Dudu, tana nan," ta ce ai shi dama murmushi yake in an yi masa mutuwa, ta yaya za ta yarda da shi? Ƙaryar da na ƙirƙira ta tashi ta tsaya mini a gaba. Babu wanda tsohuwar nan za ta gaskata sai ni.

Na rarrafa na je na durƙusa a gabanta, a gaban maza da mata da direba da Bature. Na ce, "Goggo, ni ce ban ji daidai ba. Halima tana da rai."

"Ke da kika iya?"

"Ban iya ba, Goggo. Rabi da rabi na iya. Ranar da aka koyar da wannan wurin ina Yako wajen biki."

"Murmushin fa?"

"Shi ma ni na ƙirƙira."

Wani daga cikin maza ya yi tari irin na mai danne dariya. Goggo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To ni yanzu ban yarda da kowa ba. Sai na gan ta."

Baturen ya ce ai abu ne mai sauƙi, zai kira ta a waya su ga juna. Sai dai a rugar babu sabis, sai an je wani tudu kusa da titi, inda wata tsamiya take. Na sake gwada Goggo, jinin ya ɗan sauka, aka sa ta a gaban mota. Sauran jama'a suka biyo a ƙafa da babura, kamar masu rakiyar amarya. Ni ce a can ƙarshe, ina tafe ina addu'ar Allah ya sa wata mota ta tsaya in shige in tafi Tudun Wada kar in sake dawowa.

A ƙarƙashin tsamiyar wayar ta yi ta ƙara, sai ga fuska ta bayyana. Wata tsohuwa ce mai farin gashi, da kofi a hannu. Aka miƙa wa Goggo wayar. Suka kalli juna. Sai Baturiyar ta ajiye kofin ta ce, "Dudu? Jam na?" wato tana gaishe ta da Fulatanci.

Goggo ta ce, "Jam, Halima. Kin tsufa."

"Ke ma!"

Suka fashe da dariya, suna yi suna share hawaye. Goggo ta ɗaga bakin mayafin ta nuna mata, Halima ta rufe baki da hannu. Hausar Halima ta gudu sai 'yan kalmomi, nono, saniya, sannu, sunayen 'ya'ya. Da su suka yi ta hira, kuma ban ga alamar sun rasa komai ba. Can Goggo ta ce, "An ce kin mutu, har na yi miki kuka." Mijin ya karɓi wayar ya yi mata bayani da Jamusanci. (Wannan karon na fahimci komai, kalma bayan kalma, tunda labarina ake bayarwa.) Halima ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce a nuna mata ni.

Aka turo ni gaba. Ta kalle ni da idanun nan nata masu kirki, ta ce a hankali yadda zan gane, "Ich lebe noch, mein Kind." Ina nan da raina, 'yata. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, ba kowa ne ke samun a yi masa kukan mutuwa yana raye ya ji yawan masoyansa ba.

Washegari Asabar ce. Na so in ƙi zuwa karatu, maigidana ya ce in ban je ba shi zai je ya ba da labarin da kansa. Na tarar labarin ma ya riga ni, direban ya tsaya sayen mai a Tudun Wada. Malam ya nufi allo. Ya rubuta war a gefe ɗaya na allon, ya rubuta wäre a ɗaya gefen. Ya buɗe baki zai yi bayani, dariya ta ƙwace masa, ya zauna a bakin rijiya yana yi har da hawaye, matarsa na taya shi. Da ya lafa ya ce, "'Yar nan, ai mu ma muna da shi. Da ba don kaza ba, da kaza ya faru. Kullum kina faɗa. Wannan na abin da ya faru ne, wancan na abin da ya so ya faru Allah bai yi ba." Ya sa na yi jimla ashirin a kai. Ta farko da na rubuta ita ce, da na yi shiru, da na huta.

Bayan an tashi ya kira ni gefe, yana ɗan jin nauyi, ya ce ko Baturen nan bai tafi ba tukuna? Ranar Lahadi na raka shi rugar. Tsofaffin nan biyu suka zauna ƙarƙashin ɗorawa tun hantsi har la'asar, suna Jamusanci suna shan fura. Da farko harshen Malam na sarƙewa, daga baya ya sake, yana magana yana buga cinya yana ambaton garuruwa da jiragen ƙasa da wani irin burodi. Ban taɓa ganinsa haka ba. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ke da kuskurenki."

Rabi ta ci jarrabawa ta tafi, tana can har yanzu. Ni ban tafi ba. Haihuwa ta zo, sannan jinyar mahaifiyata, daga baya na ga zaman ya fi mini. Jamusancina a ƙarƙashin tsamiyar nan ya yi aiki, don duk wata ni nake raka Goggo ta kira Halima in yi musu tafinta. Kuma duk zuwanta asibiti, ina ɗaura mata abin gwaji za ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Jikata, yau wa ya mutu a Jamus?"

Yanzu Malam Isiyaku ya rasu, an sare mangwaron an yi ɗaki a wurin. Goggo ta rasu. Dokta Dita ma ya rasu. Cikin tsofaffin da ke wannan labari babu wanda ya rage sai wadda na kashe. Ta haura tamanin, kuma duk sallah sai ta aiko mini da saƙon murya, ta fara da "Ich lebe noch," ta yi dariya, sannan ta tambayi yara.

Abin da na koya kuwa bai wuce wannan ba: a wurin aiki ba na cewa mutum ya cika sai na taɓa jijiyarsa da hannuna na kuma kira wata ta taɓa. Ban san abin da ya sa na ɗauka na Jamus ba sa buƙatar haka ba.